Yadda Kirista zai koyi hikima, daga ɗakin addu'a zuwa bakin rumbu

A kowace kasuwar hatsi, har da tamu ta Maradi ranar Litinin da Juma'a, ba a rasa mutum mai tiya biyu: ɗaya mai zurfi, wadda yake sayen hatsi da ita daga hannun manoman da suka shigo daga ƙauye, ɗaya kuma wadda aka ɗan bubbuge gindinta, da ita yake auna wa mai saye. Mutane sukan ce wannan mutum yana da wayo, wasu ma har su ce ya san kan duniya. Littafin Karin Magana kuwa, a 20:10, ya ce ma'auni iri biyu da mudu iri biyu abin ƙyama ne a wurin Ubangiji. Na fara da wannan ne domin mai neman hikima ya kamata tun farko ya san abin da yake nema, kada ya sha wahalar tafiya ya dawo da wayo a cikin jakarsa yana zaton hikima ya samo.

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fanni, kowace da gurbinta. Ilimi shi ne abin da ka sani, ko a lakwal ka same shi ko a zaure. Dabara ita ce hanyar da kake bi ka warware wuya. Wayo kuwa, tun muna yara a tatsuniya mun san mai shi, wato Gizo, wanda kullum yake neman yadda zai ci nasa ya ci na wani. Hikima ta bambanta da su duka, domin ita ce sanin abin da ya dace a gaban Allah a wannan wuri da wannan lokaci, tare da aikata shi. Kalmar ta zo mana daga Larabci, tushenta ɗaya da hukunci da hukuma da hakimi, kuma da wannan tushen ne Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, ya gina tasa kalmar. Ke nan tun daga asalinta akwai yanke magana a cikinta. Mutumin da ya san abu mai kyau amma bai taɓa yanke shawarar yin sa ba, mai ilimi ne kawai.

Wani abin da ya kamata a lura da shi yana cikin Fitowa 31, inda Allah ya ce ya cika Bezalel da Ruhunsa da hikima domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar itace. Kalmar da aka yi wa sarki Sulemanu kirari da ita, ita ce aka ba maƙeri da masassaƙi. Wannan ya nuna cewa hikima tana da kamannin sana'a: baiwa ce daga Allah, amma hannu ne yake koyon ta, a hankali, kusa da wanda ya iya, tare da kuskure da gyara. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake wannan koyo, gwargwadon abin da na karanta a Littafi Mai Tsarki da abin da na gani a ikkilisiya da gona.

Ka roƙa, kuma ka ambaci abin da kake roƙo a kansa

Karin Magana 9:10 da Zabura 111:10 da Ayuba 28:28 duk sun ɗora hikima a kan tsoron Ubangiji. Mu Hausawa mun san abin da muke nufi idan muka ce wane yana da tsoron Allah: mutum ne da za ka bar masa ajiya ba shaida, ka yi shekara ka dawo ka same ta yadda ka bar ta. Tsoron nan shi ne tuna cewa akwai Mai gani a wurin da ba kowa, kuma daga nan komai yake farawa.

Yakubu 1:5 ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, wanda yake bayarwa hannu sake ba tare da gori ba. Sai dai mu da yawa mukan yi roƙon a dunƙule, mu ce Allah ya ba mu hikima, mu ce amin, mu tashi. Dubi yadda Sulemanu ya yi nasa a Gibeyon, cikin 1 Sarakuna 3. Ya faɗi matsayinsa, cewa shi yaro ne da bai san shiga da fita ba. Ya faɗi aikin da ke gabansa, wato shari'ar jama'a mai yawa. Sannan ya roƙi zuciya mai saurare, domin ya rarrabe nagarta da mugunta. Kai ma ka bi wannan tsari. Da asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, ka ambaci al'amarin da sunansa: yau zan yi magana da ƙanena a kan gonar gado, ko yau zan ba mai neman auren ƴata amsa. Ka faɗa wa Allah abin da zuciyarka take so a ɓoye, ko da abin kunya ne, domin sau da yawa mutum ya riga ya yanke shawara, yana neman hatimi ne kawai a wurin addu'a. Idan ka furta son ranka da bakinka, ka rage masa ƙarfi.

Karatun Littafin Karin Magana

Littafin yana da sura 31, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a karanta surar da ta yi daidai da ranar wata: ranar 7 ga wata sura 7, ranar 20 sura 20. Masu tsohuwar fassara ta 1932 za su same shi da sunan Misalai. Kada ka yi ƙoƙarin riƙe surar duka. Ka zaɓi aya ɗaya wadda ta taɓa abin da kake ciki, ka rubuta ta a takarda ko a waya, ka tafi da ita wurin aiki. A gidan da ba kowa ya iya karatu ba, yaron da ke lakwal ya karanta da ƙarfi bayan tuwon dare, manya su yi bayani. Sau da yawa tsohuwar da ba ta san baƙi ba ita ce za ta fi kowa gane inda ayar ta dosa, domin ta ga abin da idonta.

Akwai wuri ɗaya da nake so kowane mai koyo ya tsaya a kansa, wato 26:4 da 26:5. Aya ta farko ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, don kada ka zama kamarsa. Aya ta biyu, wadda ke manne da ita, ta ce ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, don kada ya ɗauka shi mai hikima ne. Wanda ya jera su ya san abin da yake yi. Yana koya mana cewa karin magana kamar kayan aikin maƙeri ne, kowane da lokacin ɗaukarsa, kuma gwanintar tana ga sanin wanda za a ɗauka yau. Mu ma haka muke yi: mukan ce sannu ba ta hana zuwa, mukan kuma ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ba wanda ya taɓa cewa ɗaya ta ƙaryata ɗaya.

Don haka ne kuma bai kamata a ɗauki kowace aya ta wannan littafi kamar takardar alkawari ba. Littafin yana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya, cewa mai himma yakan wadata, malalaci yakan talauce. Amma manomin da ya yi noma uku, ruwa ya ɗauke masa a watan Agusta lokacin da hatsi ke fitar da kai, bai yi lalaci ba. Saboda irinsa ne aka ajiye Littafin Ayuba da na Mai Hadishi kusa da Karin Magana. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, kuma a nan ne suka fi kyautatawa. Da suka buɗe baki suka fara auna masifarsa da ƙa'idar da suka haddace, sai Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Idan ka je gaisuwar mutuwa ko dubiya, ka tuna da su.

Jinkiri, da jin ɓangare biyu

Yawancin ɓarnar da na gani a ikkilisiya da dangi ba daga mugun nufi ta fito ba, daga gaggawa ta fito. Yakubu 1:19 ya ce mutum ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi. A aikace, ka kafa wa kanka doka cewa duk al'amarin da ya shafi kuɗi mai yawa, ko aure, ko rabuwa da wani, sai ya kwana kafin ka ba da amsa. "Bari in kwana da maganar" jimla ce da ba wanda zai zarge ka a kanta, kuma wanda ya matsa lallai sai yanzu, wannan matsin kansa abin lura ne.

Idan aka kawo maka ƙara, ka riƙe Karin Magana 18:17, wadda ta ce mai fara kawo ƙararsa yakan zama kamar shi ne mai gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Matar da ta zo tana kuka a kan mijinta tana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, ka tausaya mata, ka ba ta ruwa, ka saurare ta har ta gama, in akwai duka ko barazana ka fara tsare lafiyarta. Amma hukunci a kan wane ne ya ce me, sai ka ji ɗayan. Dattijon da ya ce "ai kuwa bai kyauta ba" tun bai ji ta bakin mijin ba, ya rasa damar yin sulhu, domin maganarsa za ta riga shi isa gidan.

Waya ta ƙara wa wannan nauyi. A da, tsegumi sai ya taka da ƙafa daga Mokoyo zuwa Sabon Gari, ya gaji a hanya. Yanzu saƙon murya ɗaya a WhatsApp yakan shiga gida ɗari kafin a sauke tukunya. Kafin ka tura wani abu gaba, ka tambayi kanka ko ka san wanda ya fara faɗa, ko za ka iya maimaita shi a gaban wanda ake magana a kansa, ko kuma turawar za ta gyara wani abu. In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, saƙon ya mutu a wayarka. Karin Magana 26:20 ta ce inda ba itace wuta takan mutu, kakanninmu kuma suka ce magana zarar bunu ce.

Wa za ka tambaya

A 1 Sarakuna 12, Rehobowam ɗan Sulemanu ya nemi shawarar dattawan da suka yi wa mahaifinsa aiki, suka ce ya sassauta wa jama'a. Bai ji daɗin amsar ba, sai ya koma ga samarin da suka tashi tare, suka faɗa masa abin da kunnensa yake so, kabila 10 suka ɓalle daga mulkinsa. Laifinsa shi ne ya yi ta yawo da tambayar har ya sami amsar da ya riga ya shirya. Saboda haka ka zaɓi mashawartanka tun kafin ka san abin da za su ce: mutum ɗaya da ya san Littafi, mutum ɗaya da ya san sana'ar da ake magana a kanta, da mutum ɗaya wanda ba ya jin nauyin ce maka ka yi kuskure.

Na biyun nan ba lallai ne ya zama ɗan ikkilisiya ba. Musa ya karɓi gyara daga surukinsa Yetro, firist na Madayana, a kan yadda zai raba aikin shari'a. Idan maƙwabcinka Alhaji ya shekara 30 yana fatauci tsakanin Maradi da Katsina, shi ya fi Fasto sanin halin hanya da canjin naira da sefa, kuma Fasto mai hankali da kansa zai tura ka wurinsa. Haka nan idan yaro ya yi zazzaɓi da damina, a yi addu'a a kuma kai shi likita a ranar, kada a jira ya fara suma. Waɗanda suka kawo mana bishara su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suka kuma kafa na Danja nan kusa da mu, ba su ga saɓani tsakanin gwiwa a ƙasa da allura a hannu ba.

Akwai mashawarcin da maza suka fi tsallakewa, kuma ni na tsallake shi na ji a jikina. A farkon daminar 2019 wani ɗan kawuna ya same ni a ƙofar gida bayan magariba. Ya ce, "Yaya, wani ɗan kasuwa zai ba ni kaya bashi na jika 200, sai dai yana son wanda zai tsaya mini. Bakinka kawai ake so, ko dala ba za ka fitar ba." Na ji nauyin zumunci, na kuma ji daɗin cewa bakina yana da daraja a kasuwa, sai na amsa a tsaye, ban shiga ciki na yi shawara da uwargida ba. A watan Agusta na shekarar Najeriya ta rufe iyakarta, kayan suka maƙale, yaron ya karye, mai kaya ya zo ƙofata, kuma da gaskiyarsa. Fiye da shekara muna biya, har tumakin da matata take kiwo don kuɗin lakwal na yara suka tafi a ciki. Ranar da na faɗa mata, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maigida, da ka shigo ka tambaye ni, da na ce mu ba shi jika 20 kyauta, mu ce iyakar ƙarfinmu ke nan." Abin da ta faɗa shi ne ainihin koyarwar Karin Magana 22:26-27, wadda ta yi gargaɗi a kan tsaya wa wani lamuni, har ta ce in ba ka da abin biya za a ɗauke gadon da kake kwance a kai. Na sha karanta wurin, amma a daren nan ban tuna da shi ba, domin ban ba kaina daren ba. Tun daga lokacin ƙa'idata ita ce in ba ɗan'uwa abin da zan iya rasawa ba tare da na riƙe shi a zuciya ba, in kuma bar sa hannu a kan abin da ba ni da shi.

Sassabe

A nan nake so in daɗe, domin a ganina nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe. Zaɓi tsakanin nagarta da mugunta yana da sauƙin ganewa, ko da yin sa yana da wuya. Abin da ya fi gajiyar da mai bi shi ne abubuwa masu kyau guda goma da suka taso masa lokaci ɗaya, ƙarfinsa kuwa na uku ne.

Manoman jihar Maradi sun san wani aiki da ake kira sassaben zamani. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, bayan ya ga yawancin itatuwan da ake dasawa suna mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke cike da gonaki, waɗanda ake sarewa a ƙone kowace shekara kafin shuka, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan da zurfi a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma da yawa suka karɓi hanyar, suka gyara ta da nasu sanin, har itatuwa suka dawo a gonakin da suka zama fili. Yadda ake yi shi ne, ka tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara ko magarya, za ka ga rassa ashirin ko fiye sun fito suna gasa. Ka duba waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka bar kamar uku zuwa biyar, ka sare sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda ka bari kuma ka rage musu ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsawonsu. Ka ɗaura ƙyalle a jiki domin masu neman itacen wuta su san akwai mai shi. Bayan ƴan watanni sabbin toho za su fito, sai ka dawo ka sake sarewa.

Na fara koyon wannan a gonarmu ta hanyar Tsibiri, ina bin mahaifina. Na ga ya kama wani reshe kore shar, lafiyayye, zai sare, na ce, "Baba, ai wannan ba abin da ya same shi." Ya ce, "Lafiyarsa lau, ɗana, amma saiwar ɗaya ce. In na bar su duka, shekara goma za ka dawo ka tarar da su iya gwiwarka." Yesu ya yi magana mai kama da wannan a Yahaya 15:2, inda ya ce reshen da yake ba da ƴaƴa ma ana yi masa aski domin ya ƙara bayarwa.

Ga yadda ake sassaben a rayuwa. Da kaka, kafin a taɓa dami ɗaya, miji da mata su zauna su lissafa duk abin da ke kiran hannunsu: abincin gida har sabon hatsi, iri na baɗi, zakka da baiko, kuɗin lakwal, bashin da aka ci da bazara, rufin ɗakin da ke yoyo, gudummawar bikin dangi, anko na zumuntar mata, sabuwar waya, moto. Kusan duka halal ne, wasu ma wajibi. Sai a ware uku ko huɗu da ba za a taɓa su ba ko me ya faru, a faɗi sauran da baki cewa bana ba nasu ba ne. Faɗin yana da muhimmanci, domin abin da ba a sare shi a fili ba yakan ci gaba da shan ruwan saiwa a ɓoye. Haka lokaci ma yake. Mutumin da ke cikin mawaƙa, yana kwamitin gini, yana koyar da makarantar Lahadi, yana fita bishara ƙauye, ƴaƴansa kuwa ba su san ranar da ya zauna cin tuwo da su ba, yana bukatar wuƙar sassabe, kuma shugabannin ikkilisiya su taimake shi maimakon su ƙara masa kaya don ba ya cewa a'a.

Rumbu yana da nasa ma'auni mai wuya. Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru 7 na ƙoshi, aka kira shi mai hikima. Mai arzikin Luka 12 ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, Allah ya kira shi wawa. Dukansu sun yi ajiya. Bambancin yana ga wanda aka yi ajiyar dominsa, domin Yusufu ya buɗe rumbunan lokacin da yunwa ta zo, mai arzikin kuwa da ransa kaɗai yake magana. Saboda haka ka ajiye hatsi da kaka lokacin da yake da araha, kada ka sayar da shi duka don biki ka dawo kana sayen tiya da tsada ninki a watan Yuli. Amma ka tuna da Karin Magana 11:26, cewa mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Idan unguwa tana kwana da yunwa kai kana jiran farashi ya ƙara hawa, ajiyarka ta tashi daga ta Yusufu ta koma ta ɗayan. Matan wannan jiha sun nuna mana ajiya mai kyau tun 1991, lokacin da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka fara a nan da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE: zubi kaɗan kowane mako a akwati ɗaya, a ranta wa mai bukata a cikinsu, a raba a lokacin da aka yi alkawari.

Gwajin ƙarshe kafin ka aikata

Idan ka yi addu'a, ka jinkirta, ka yi shawara, ka kuma zaɓa, saura ka auna abin da ka yanke da Yakubu 3:17. Wurin ya ce hikimar da take daga sama da farko tsattsarka ce, sannan mai salama, mai sauƙin kai, mai karɓar gyara, cike da jinƙai da kyawawan ayyuka, ba ta tara, ba ta munafunci. Ayoyin da suka gabace ta sun ce inda akwai kishi mai zafi da son kai, wannan hikimar ta ƙasa ce. Ka ɗauki shawararka ka bi da ita ta kan kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan shirin naka sai an ɓoye wa wani kafin ya yi aiki, ya faɗi tun a kalmar farko.

Wani lokaci abin da ya ci wannan gwaji zai yi kama da hasara a idon mutane. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa Almasihu da aka gicciye wauta ne a wurin masu neman hikimar duniya, amma shi ne ikon Allah da hikimar Allah. Mai bin da ya bar wa ɗan'uwansa taku biyu na iyakar gona don kada zumunci ya tsinke, ko ya mayar da canjin da aka ba shi fiye da kima, za a ce masa bai da wayo, kuma gaskiya ne, wayon ne ya ajiye da gangan. Wannan bai hana shi buɗe ido ba, domin Matiyu 10:16 ya haɗa azancin maciji da rashin ɓarnar kurciya a jimla ɗaya. Mu da muke ƴan kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, waɗanda da yawansu ƴan'uwanmu ne na jini, muna bukatar biyun kullum. Kolosiyawa 4:5-6 ta ce mu yi tafiya da hikima a gaban waɗanda ba na ikkilisiya ba, maganarmu ta kasance da alheri, da ɗanɗanon gishiri. A aikace wannan yana nufin ka je suna da jana'iza da barka da salla, ka rage ƙarar lasifika idan maƙwabta suna salla ko barci, ka amsa tambaya a kan bangaskiyarka a fili da ladabi in an yi maka, ka kuma bar gardamar da aka shirya don a tara jama'a.

Dattawan garin nan suna ba da labarin 1945, shekarar da ruwan Gulbi ya ci tsohon Maradi da ke cikin fadama, har aka tayar da gari zuwa kan tudu. Duk lokacin da aka karanta ƙarshen Matiyu 7 a sujada, wannan labari nake tunawa. Magina biyun da Yesu ya ambata, mai gini a kan dutse da mai gini a kan yashi, duk sun ji maganarsa, ruwa iri ɗaya kuma ya sauko musu, ɗaya ya aikata abin da ya ji, ɗaya bai aikata ba. Saboda haka idan shawara ta nuna, ka sa mata rana. In sulhu ne, ka je wurin mutumin kai kaɗai tukuna, kamar yadda Matiyu 18:15 ya tsara, kafin ka kira shaidu ko dattawa. In biyan bashi ne, ka kai abin da ke hannunka yau ko da rabi ne, ka faɗi ranar cikon.

Za ka yi kuskure duk da haka, domin Sulemanu kansa, mai karin magana 3,000, ya karkace a tsufansa, kamar yadda 1 Sarakuna 11 ya nuna. Idan hakan ta faru, ka faɗi kuskuren da sunansa a gaban Allah da gaban wanda abin ya shafa, ba tare da jingina shi ga Shaiɗan ko ga halin ƙasa ba, ka biya abin da ake iya biya. Sannan da dare, kafin ka kwanta, ka koma baya ka nemo daidai wurin da ka kauce: ko ba ka roƙa ba, ko ba ka bari maganar ta kwana ba, ko ka tambayi wanda ka san zai ce maka i. Ka rubuta shi a gefen ayar da ta yi magana a kansa, da kwanan wata. A nawa Littafin, gefen 22:26 akwai 2019 da jan biro, kuma duk ranar 22 ga wata sai na bi ta kansa.